Tawakkali A Bakin Talaka Da A Bakin Mai Mulki: Waiwaye Kan Annobar Sanƙarau Ta Zamfara

Duk wanda ya taɓa yin bazara a ƙasar Mafara ya san abin da ake kira zafi. Tun daga ƙarshen hunturu har zuwa faɗuwar ruwan farko iska takan bushe ƙamas, ƙura ta turnuƙe, hanci ya tsage, maƙogwaro ya yi ta ƙaiƙayi. A irin wannan lokaci ne cutar sanƙarau ke cin kasuwarta, kuma a irinsa ne, a shekarar 2017, ta yi wa Jihar Zamfara ɓarnar da har gobe akwai gidajen da ba su daina jin raɗaɗinta ba. Ba don in tayar da tsohon miki na waiwayi wannan lamari ba. Dalilina shi ne muhawarar da ta taso a lokacin, game da matsayin imani da ƙaddara a cikin annoba, an yi ta ne cikin fushi da jifa da baƙaƙen maganganu, aka watse ba tare da an warware ta ba, alhali rani bai fasa zagayowa kowace shekara ba.

Bari mu fara da abin da ya faru. Cutar ta ɓulla a ƙarshen shekarar 2016 a Ƙaramar Hukumar Zurmi, ta bazu zuwa sauran sassan jihar, ta tsallaka Sakkwato da Katsina da wasu jihohin. Kafin a sanar da ƙarshenta a watan Yunin 2017, Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa ta ƙidaya mutum fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 kuma sun riga mu gidan gaskiya. Kusan rabin waɗanda suka kamu 'yan Zamfara ne. Wannan lissafin waɗanda labarinsu ya iso hukuma ke nan; wanda ya san ƙauye ya san sau da yawa yaro kan kwanta da hantsi, a binne shi kafin la'asar ɗin gobe, babu mai rubuta sunansa a ko'ina. Rukunin da cutar ta fi yi wa illa kuwa su ne yara 'yan shekara 5 zuwa 14. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin za mu dawo gare shi.

A farkon Afrilun 2017 Gwamnan jihar na lokacin, Alhaji Abdul'aziz Yari Abubakar, wanda ɗan Talata Mafara ne kuma shi ke shugabantar ƙungiyar gwamnonin Nijeriya, ya yi wa manema labarai bayani da Hausa a fadar shugaban ƙasa, inda ya danganta annobar da saɓon Allah da ya yawaita a tsakanin jama'a, musamman zinace-zinace, ya ce mafita ita ce a koma ga Allah. Cikin makon nan, a wani taron zuba jari a Kaduna, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya mayar da martani mai zafi, cewa wannan magana ko a ma'aunin Musulunci ba daidai ba ce, kuma idan babu allurar rigakafi to a fito fili a faɗa, a je a nemo. Daga baya ofishin Gwamnan ya ce ba a fahimci maganarsa yadda ya nufa ba. Jaridun Kudu suka samu abin dariya, mu kuma 'yan bokon Arewa muka rabu gida biyu: masu jin kunyar abin da aka faɗa, da masu ganin an taɓa addini don haka dole a kare.

A ganina duka ɓangarorin biyu sun tsallake ainihin tambayar. Babu Musulmin da ke musun cewa cuta da lafiya, rayuwa da mutuwa, duk a hannun Allah suke. Tambayar ita ce: wane ne ya faɗa, ga wa ya faɗa, kuma me ya riga ya aikata kafin ya faɗa? Mu masu nazarin harshe mun daɗe da sanin cewa ma'anar zance ba ta ƙarewa a cikin kalmominsa. Jimla guda tana iya zama addu'a a bakin wani, ta zama izgili a bakin wani. Idan wanda aka yi wa sata ya ce “na bar wa Allah”, ya yi haƙuri. Idan alƙalin da aka kawo wa ƙarar ne ya ce “a bar wa Allah”, ya gudu daga aikinsa. Kalmomin ba su canza ba, mai maganar ne ya canza, kuma da canzawarsa aikin da maganar ta yi ya juye.

A cikin wannan bazara na je ta'aziyya wani ƙauye da ke tsakanin Mafara da Bakura, gidan wani ɗan'uwa na nesa da ya rasa ɗansa ɗan shekara tara. Abin da na gani bai bar ni ba har yau. Babu likita a garin, babu motar ɗaukar marasa lafiya. Maƙwabci ne ya ɗauki yaron a kan babur, wani ya ba da kuɗin mai, matan unguwa suka haɗa abin da ya samu na sayen magani, liman ya yi shela bayan sallar asuba aka ƙara. Da rai ya yi halinsa, su ne suka yi wanka, suka haƙa kabari, suka yi kwana uku suna shigo da koko da tuwo. Da na yi wa mahaifin gaisuwa sai ya ce, “Malam, wanda ya ba mu shi ne ya karɓi abinsa.” Wallahi ban ji wani jahilci a cikin wannan magana ba. Mutum ne da ya yi iyakar abin da hannunsa zai kai, ya sayar da akuya, ya ci bashi, sannan ya jingina da abin da zai hana zuciyarsa tsagewa. Wanda ke zaune a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki a Abuja yana kiran irin wannan mutum mai duhun kai, ya tambayi kansa me zai ba shi a madadin wannan imani. A garuruwan nan masallaci da zumunci su ne asibiti, su ne banki, su ne ma'aikatar jin ƙai, kuma ba don son ransu ba.

To amma idan wannan jimla ta fito daga bakin wanda ke riƙe da kasafin kuɗin jiha, sai ta zama wani abu dabam. Kalmar tawakkali da muka aro daga Larabci saiwarta guda da ta kalmar wakili. Ma'anarta ka wakilta Allah a kan al'amarinka bayan ka yi naka. Larabawa suna da wata kalmar daga wannan saiwa, wato tawakul, mai jan wasali, wadda ke nufin kowa ya noƙe ya jingina aikin ga wani. Hausa ta ari ta farko ta bar ta biyu, sai kalma guda ta zama tana ɗaukar kaya biyu, har ragwanci da sakaci suka samu rigar da za su ɓuya a ciki. Amma kakanninmu ba su ruɗe ba, shi ya sa suka ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Sanannen hadisin nan na mutumin da Manzon Allah (SAW) ya umarta da ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya dogara ga Allah, babu almajirin da bai san shi ba.

Masu kare Gwamnan sun kafa hujja da wani hadisi da ke cikin littafin Ibn Majah, wanda ke nuna cewa idan alfasha ta bayyana a cikin al'umma, cututtukan da ba a saba gani ba sukan biyo baya. Ni ba malamin hadisi ba ne, kuma ba zan yi jayayya da nassi ba. Sai dai akwai bambanci tsakanin gargaɗi na gaba ɗaya da yanke hukunci a kan wata annoba takamaimai, cewa wannan kam azaba ce saboda zunubi kaza. Wannan ilimin gaibu ne, ba a ba gwamna ba, ba a ba sarki ba. Ga kuma tarihi. A shekara ta 18 bayan Hijira annobar Amwas ta afka wa ƙasar Sham, ta ɗauke Abu Ubaida ɗan Jarrah, ɗaya daga cikin goman da aka yi wa albishir da Aljanna, ta ɗauke Mu'azu ɗan Jabal. Wane zunubi za a ɗora musu? Sayyidina Umar kuwa, da ya taso zuwa Sham ya samu labarin annobar a hanya, sai ya yi shawara ya juya da jama'arsa. Da aka ce masa ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa da cewa daga wata ƙaddarar Allah yake gudu zuwa wata. Amru ɗan Asi, da jagoranci ya dawo hannunsa, umartar mutane ya yi su warwatsu cikin duwatsu, su daina cunkushewa wuri guda. Waɗannan shugabanni ne, kuma da aka jarrabe su da annoba, mataki suka ɗauka. A nan gida ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin daula da ke kansa, ya zauna ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna, har da na ciwon ido da na basur. Yanzu sai a dawo ga yaran nan 'yan shekara 5 zuwa 14, waɗanda alƙalami bai ma hau kan yawancinsu ba, a gaya wa iyayensu mata cewa zina ce ta kashe su.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne annobar ba ta zo ba sallama ba. Arewacin Nijeriya na cikin zirin ƙasashen da ake kira yankin sanƙarau, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha. Ƙwayar cutar tana zama a hanci da maƙogwaron mutane da yawa ba tare da ta yi musu komai ba, tana yaɗuwa ta tari da atishawa da kwana a cunkushe. Idan busasshiyar iska da ƙura suka raunana fatar cikin hanci sai ta samu ƙofar shiga jini, ta kai ga mayafin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Daga nan ne wuya ke sanƙarewa, inda sunan ya samo asali. Idan ba a yi magani ba tana iya kashe rabin waɗanda ta kama, idan kuwa aka kai asibiti da wuri aka yi allurar da ta dace, mafi yawa sukan tashi, ko da yake wasu kan tashi da kurumta ko wata nakasa. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Nau'in A ne ke yin wannan ɓarna a da, har aka samar da rigakafin MenAfriVac, wanda aka fara bayarwa a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, aka shigo da shi Nijeriya daga 2011, ya karya lagon wannan nau'i. Sai nau'in C ya ɗago kai. Tun 2013 aka fara ganinsa a Sakkwato da Kebbi, a 2015 ya kama dubban mutane a Jamhuriyar Nijar. Sakkwato da Kebbi da Nijar duk iyaka suke da Zamfara. Hausawa suka ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Shekara uku gemun maƙwabta na ci.

Duk da haka sai da cutar ta yi kusan wata huɗu tana kisa kafin a fara rigakafi a farkon Afrilu, da allura 500,000 da aka samo daga rumbun ajiya na duniya, a jihar da ƙidayar 2006 ta ba mutum fiye da miliyan uku. Gaskiya ne rigakafin nau'in C ya yi ƙaranci a duniya a lokacin, kuma ba a sakin na rumbun sai an tabbatar da nau'in cutar a ɗakin gwaji. Wannan uzuri ne da ya kamata a yi wa gwamnati adalci a kansa. Amma shi wannan sharaɗi shi ne ya sa saurin gano cuta da saurin kai rahoto suka zama batun rai da mutuwa, kuma nan ne aka yi barci. Ku lura da yadda sanarwar hukuma kan fito a irin wannan hali: an samu ɓarkewar cuta, an yi asarar rayuka, ana ɗaukar matakai. Wannan ɗan ƙaramin “an” na Hausa ni'ima ne ga mai son ɓoye wanda ya yi aiki, ko wanda ya ƙi yi. Idan aka haɗa shi da “haka Allah ya so”, to an rufe ƙofar tambaya ruf.

Akwai kuma wani abin da na rasa yadda zan fassara shi. Shekara da shekaru hukumomin Saudiyya ba sa barin maniyyaci ya shiga ƙasarsu sai da shaidar allurar sanƙarau, kuma tun farkon shekarun 2000 allurar da suke buƙata mai kare nau'i huɗu ce, har da nau'in C ɗin nan. Ma'ana, duk wani babban mutum na Zamfara da ya sauke farali ko ya je Umra, ya miƙa damtsensa an tsira masa rigakafin cutar da ta kashe 'ya'yan talakawansa. Ban taɓa jin wanda ya tsaya a sansanin alhazai ya ce shi tawakkali ya ishe shi ba.

Ba na son a ɗauka maganar mutum guda nake yi. Bakura da Talata Mafara da Maradun, garuruwa uku da ke shan ruwan madatsar Bakolori, su ne suka ba Zamfara gwamnoni na shekara 20 daga cikin 24 da ke tsakanin 1999 da 2023: Ahmad Sani Yariman Bakura shekara takwas, Abdul'aziz Yari shekara takwas, Bello Matawalle na Maradun shekara huɗu. Wannan yanki ba zai ce an mayar da shi saniyar ware ba. Zamfara ce kuma jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Oktoban 1999, ta kafa ma'aikatar harkokin addini da hukumar zakka da waƙafi da ta Hisba. Malaman Usulu sun lissafa kare rai a cikin manyan manufofin shari'a guda biyar. Jihar da ta ɗauki wannan tuta ita ta fi cancanta a tambaye ta rijiyoyi nawa ta haƙa, ɗakunan shan magani nawa ke da ma'aikaci da firjin ajiye allura mai aiki. A 2021, shekarar da kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya ta kashe fiye da 3,000, Zamfara na cikin jihohin da suka fi jin jiki, kuma a watan Satumbar wannan shekara aka katse layukan waya a jihar, bayan an rufe kasuwannin mako saboda yaƙi da 'yan bindiga. Ko mene ne amfanin matakin ta fuskar tsaro, ƙauyen da amai da gudawa suka shiga ya rasa ko hanyar kiran agaji. Aka sake barin mutane da Allah da maƙwabtansu.

In bera da sata, daddawa ma da wari. Shi ma zumuncin da na yaba yana da nasa haɗari. Dubiya ibada ce, amma cika ɗakin mai sanƙarau da 'yan dubiya ashirin, an rufe taga, hanya ce ta raba cutar gida-gida. Wanke gawar wanda kwalara ta kashe da hannu tsirara, sannan a zo a sa hannu cikin kwanon abincin zaman makoki, ya kai mutane da dama kabari. Yaron da ya fara fizge-fizge wuyansa ya ƙage, a ce iskoki ne, a kwana biyu ana hayaƙi da tofi kafin a tuna da asibiti, an cuce shi, domin a wannan ciwo sa'o'i ake ƙirgawa. Addu'a da rubutu ba su hana a hau babur ba, ana iya yin tofin a kan hanya.

Sai dai kafin mu zargi mutanen ƙauye da gudun asibiti, mu tuna ruwa ba ya tsami banza. A cikin annobar 1996 ne kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a kan yara kimanin 200, 11 suka mutu, aka shafe shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyayensu yadda ya kamata. Wannan tabo na cikin abin da ya ba jita-jita ƙarfi a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da Zamfara da Kaduna. Me ya warware wannan ƙulli? Ba zagi daga jaridun Legas ba ne. Sarakuna da malamai ne suka shigo, musamman bayan da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko a 2009 ƙarƙashin inuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, hakimai suka riƙa ɗiga wa 'ya'yansu maganin a bainar jama'a, limamai suka yi huɗuba. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Bakin da ya hana shi ne ya dawo ya halatta, mutane kuma suka bi, domin shi suka yarda da shi.

A kowane ƙauye na Bakura ko Maradun akwai mutum guda da ya fi kowane jami'in lafiya sanin yawan mace-mace, shi ne limamin da ke sallar gawa. Idan ya sallaci yara uku cikin mako guda, duk da ciwo iri ɗaya, ya riga duk wata na'ura sanin cewa akwai matsala. Abin da ya rasa shi ne lambar wayar da zai kira, da tabbacin cewa idan ya kira wani zai zo. Haka mai unguwa, haka unguwarzoma, haka mai kemis na bakin kasuwa. Horar da waɗannan mutane su gane alamomi uku ko huɗu, zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da ƙagewar wuya da fita hayyaci, bai kai kuɗin kujerun Hajji da gwamnatoci ke rabawa 'yan siyasa ba. Huɗuba guda a watan Disamba a kan buɗe tagogi da rage cunkoso a ɗakunan kwanan almajirai, wata kuma a farkon damina a kan tafasa ruwa da haɗa ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita guda, za su isa inda sanarwar rediyo ba ta isa.

Uzurin ƙarancin allura ma ya fara raguwa. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabon rigakafin Men5CV, wanda ke kare nau'o'i biyar a allura guda, wato A da C da W da X da Y. Saura kai shi ga damtsen yaron da ke ƙauyukan bayan Maradun, inda ma'aikacin lafiya ke tsoron shiga saboda masu garkuwa da mutane, inda wasu ɗakunan shan magani suka zama kufai. A irin waɗannan wurare allurar ba za ta shiga ba sai da rakiyar dagaci da yardar liman, kuma liman ba zai sa bakinsa ba sai ya tabbata ranar da ya tara jama'a a ƙofar masallaci, masu allurar za su zo da ita cikin ƙanƙararta.